Niyasin da ciwon ƙwaƙwalwa: wa ya kamata a ba, wa ya kamata a hana?

"Assalamu alaikum likita. Ina da ƙane ɗan shekara 27, shekara uku ke nan yana karɓar maganin taɓin hankali. Alhamdu lillahi ya samu sauƙi, ya daina jin muryoyin da yake ji a da, sai dai maganin yana sa shi yawan barci da ƙiba, shi kuma ya gaji da sha. To an turo mana wani bidiyo a WhatsApp, wani Bature yana cewa bitamin B3, wai shi niyasin, yana warkar da ciwon baki ɗaya in ana shan miligiram 3,000 a rana. Na je kemis na sayo na miligiram 500. Da ya sha ƙwaya ɗaya, ko minti ashirin ba a yi ba jikinsa ya ɗau zafi, fuska da wuya da ƙirji suka kama ƙaiƙayi, har muka tsorata. Shin maganin ne ya fara aiki ko kuwa bai karɓe shi ba ne? Zai iya barin na asibiti ya koma wannan? Sannan likita a sa mahaifinmu a addu'a. Wata huɗu ke nan yana shan maganin tarin fuka, tarin ya yi sauƙi amma yanzu gudawa ta sa shi a gaba, bayan hannayensa da wuyansa sun yi baƙi suna saɓa, ga shi ya fara sambatu da mantuwa. 'Yan'uwansa sun ce jifa ne." Daga wata 'yar'uwa a Kurna.

Wa alaikumus salam. Malama, Allah ya ba su lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri kan wannan ɗawainiya. Kin yi tambaya biyu a kan ƙanenki: me ya jawo zafi da ƙaiƙayin da ya ji, kuma ko niyasin zai iya maye gurbin maganin da ake ba shi a asibiti. Baba kuwa addu'a kawai kika roƙa masa. Za mu yi, amma da na karanta saƙon naki sau biyu, hankalina ya fi tashi a kan Baba fiye da ƙanen naki. Ga dukkan alama a gidanku an bar jaki ana dukan taiki: wanda aka sayo wa niyasin ba ya buƙatarsa, wanda kuma jikinsa ke nuna alamun rashinsa ba wanda ya yi tunanin ba shi.

Saboda haka ga gajeriyar amsa tun kafin bayani ya yi nisa. Kada ƙanenki ya bar maganin asibiti ko na kwana ɗaya, kuma a ajiye wannan kwalba ta miligiram 500. Baba kuma a mayar da shi wurin da yake karɓar maganin tarin fuka cikin kwana ɗaya ko biyun nan, ba sai ranar da aka ba shi ta zagayo ba.

Shi niyasin ɗin mene ne?

Niyasin ɗaya ne daga cikin bitamin takwas na dangin B, shi ne na uku a lissafi. Yana zuwa a siffa biyu da ya kamata ki bambance, domin kusan duk amsar nan a kan wannan bambancin ta tsaya. Akwai nikotinik asid, akwai nikotinamaid, wanda a kan kwalaben man shafawa ake rubuta masa niacinamide. Sunan ya yi kama da nikotin na taba, don daga nikotin aka fara haɗa shi a ɗakin gwaji, amma aikinsu a jiki ba ya da alaƙa. Gudun kada mutane su zaci sigari na da bitamin ne ma ya sa aka ƙirƙiro sunan niyasin a Amurka a 1942.

Da zarar ya shiga jiki, ana mayar da shi wani sinadari da ake taƙaita sunansa da NAD, da ɗan'uwansa NADP. Tuwon da kika ci ba ya zama ƙarfi haka kawai. Sai kowace ƙwayar halitta ta ƙona sukari da maiƙon da suka iso mata a hankali, mataki bayan mataki, kuma NAD ne ɗan dakon da ke kwasar abin da aka samu a wannan mataki ya kai wancan. Ayyukan jiki sama da 400 ne ke jiran wannan ɗan dako. Idan ya yi ƙaranci, sassan da suka fi cin wuta su ne ke fara kokawa: fata da cikin hanji, saboda kullum sabunta kansu suke yi, sai ƙwaƙwalwa, wadda nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba amma tana cinye kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki ke samarwa.

Abin da jiki ke nema ɗan kaɗan ne. Baligi namiji miligiram 16 a rana, mace 14, mai ciki 18, mai shayarwa 17. Kuma jiki yana iya haɗa nasa daga wani ɓangare na abinci mai gina jiki da ake kira tiriftofan: miligiram 60 na tiriftofan yana ba da miligiram 1 na niyasin. Shi ya sa nono da ƙwai, duk da ba su da niyasin mai yawa, suke kare mutum daga rashinsa. Sai dai wannan haɗin ba ya yiwuwa sai da taimakon bitamin B6 da B2 da sinadarin ƙarfe. Ki riƙe batun B6 ɗin nan, don shi ne zai kai mu wurin Baba.

Cutar da rashinsa ke kawowa

Sunanta felagira, daga kalmomin Italiyanci biyu masu ma'anar fata mai kaushi. Wani likitan Sifen, Gaspar Casal, shi ya fara bayyana ta a 1735 a tsakanin talakawan manoma da masara ta zama abincinsu safe da dare. Har yau sunansa muke kiran baƙin da ke zagaye wuyan mai cutar da shi, wato sarƙar Casal. Ɗaliban likitanci suna haddace ta da alamu uku: ciwon fata, gudawa, ruɗewar hankali. Na huɗun, idan an yi sakaci, shi ne mutuwa.

Ciwon fatar yana da wata ɗabi'a da ba ta ɓuya ga wanda ya taɓa ganinta. Galibi inda rana ke duka yake fitowa, yana fitowa dama da hagu daidai wa daida, kuma yana da iyaka kamar an ja layi da biro. A farar fata ja yake farawa kamar ƙunar rana. A fatarmu kuwa wurin duhu yake ƙarawa, ya yi kauri, ya tsattsage, ya riƙa saɓa kamar tsohon fenti. A wurin dattijo mai kaftani da hula za ki gan shi a bayan hannu zuwa inda hannun riga ya tsaya, a wuya daidai yankan wuyan rigar, da kuma bayan ƙafa in ban da inda maɗaurin takalmi ya rufe. A wurin mace mai hijabi wuyan yakan tsira, sai a gan shi a hannu da ƙafa da fuska. Sau da yawa harshe yakan yi ja jawur, baki ya yi gyambo, cin abinci ya gagara, wanda hakan ke ƙara dagula lamarin.

Ɓangaren ƙwaƙwalwa a hankali yake sanɗowa. Da farko kasala ce, rashin barci, saurin fushi, ƙuncin rai, mutum ya daina sha'awar abin da ya saba so. Daga nan mantuwa da ruɗewa, har ya kai ga gane-gane da sambatu da zargin mutane. A farkon ƙarni na 20 gidajen mahaukata na kudancin Amurka cike suke da masu wannan cuta. Tsakanin 1906 da 1940 an ƙiyasta mutum kusan miliyan 3 suka kamu a ƙasar, kusan 100,000 suka mutu, likitoci kuma suna ta neman ƙwayar cutar da ba ta wanzu ba. A 1914 gwamnati ta tura Dakta Joseph Goldberger ya bincika. Abin da ya fara lura da shi abu ne da kowa ke gani amma ba wanda ya yi wa tambaya: a gidajen marayu da na mahaukata, waɗanda ke tsare ne ke kamuwa, ma'aikatan da ke cuɗanya da su kullum ba sa kamuwa. Wace irin annoba ce ke duba katin aiki? Bambancin yana cikin kwano. Ya ƙara wa marayu madara da nama da ƙwai da wake, cutar ta ɓace. A 1915 ya ɗora wasu fursunoni a jihar Misisifi kan abincin da kusan duk masara ne, cutar ta bayyana a jikinsu. Ya rasu a 1929 bai san sunan abin da ya ɓace daga abincin ba. Sai a 1937 Conrad Elvehjem na Jami'ar Wiskonsin ya nuna cewa nikotinik asid ne, bayan ya warkar da karnuka masu irin wannan ciwo da shi.

Laifin masara biyu ne. Niyasin ɗin da ke cikinta a ɗaure yake yadda hanji ba ya iya kwance mafi yawansa, sannan tiriftofan ɗinta kaɗan ne. Mutanen Meziko, inda masara ta samo asali, sun shafe dubban shekaru suna cin ta lafiya, domin suna dafa ta da ruwan farar ƙasa ko toka su bar ta ta kwana kafin niƙa, wannan kuwa yana kwance niyasin ɗin. Da masara ta tsallaka teku zuwa Turai da Afirka, iri ya zo, dabarar ta tsaya a can. Na san wani zai ce ai mu ma muna sa kanwa. Ɗan ƙullin kanwar da ake jefawa a tukunya ba daidai yake da jiƙa hatsi ya kwana a ruwan toka ba, kuma yawan kanwa yana lalata bitamin B1 da B2, don haka ba na ba kowa shawarar ya ƙara ta da sunan magani. Dawa ma ba ta tsira gaba ɗaya ba: a yankin Dekan na Indiya an daɗe ana ganin felagira a tsakanin waɗanda dawa ce kaɗai abincinsu.

Mu a nan abin da ya daɗe yana rufa mana asiri shi ne mahaɗi. Bakano ba ya cin tuwo gaya. Akwai miyar gyaɗa, daddawa, wake, ƙosai, ɗanwake, fura da nono, kunun gyaɗa, ƙuli-ƙuli a kwaɗon zogale ko rama. Gyaɗa kuwa tana sahun gaba wajen niyasin a cikin duk abin da ake shukawa: giram 100, kusan cikin gwangwanin madara ɗaya, yana da miligiram 12 zuwa 14, ya kusa cika buƙatar yini guda. Hanta da naman kaza da kifi su ma suna da shi sosai. Garin da aka san shi da dalar gyaɗa bai kamata a ce ana ganin felagira a cikinsa ba. Amma a ƙasar Malawi a 1990 an ga abin da ke faruwa idan gyaɗa ta fita daga kwano: rabon gyaɗa ya yanke wa 'yan gudun hijirar Mozambik, aka bar su da garin masara, mutum sama da 18,000 suka kamu. Tsadar abinci tana iya yi wa gida ɗaya abin da yankewar rabo ya yi wa sansani. Tuwon masarar da aka surfe tas, da miyar kuka ba nama ba wake, safe da dare, wata da watanni, musamman ga tsoho marar haƙori ko majinyacin da ba ya son cin abinci, hanyar ke nan.

Dalilin da ya sa Baba ya tsaya min a rai

Maganin tarin fuka haɗi ne: iri huɗu a wata biyun farko, iri biyu a wata huɗun da ke biye, kuma akwai guda ɗaya, isoniyazid, da ake sha tun daga ranar farko har ta ƙarshe. Magani ne mai kyau, ya ceci rayukan da ba za su ƙirgu ba. Amma yana rage aikin bitamin B6 a jiki, B6 kuwa shi ne ke taimakawa a mayar da tiriftofan niyasin. Mai ƙoshin abinci ba ya jin komai. Amma ki haɗa dattijo, da ciwon da ya riga ya ramar da shi, da rashin cin abinci, da wata huɗu na isoniyazid, sai ƙofar biyu su rufe lokaci guda: ba ya samu daga abinci, jiki kuma ya kasa haɗa nasa. Gudawar ta zo ta wanke ɗan abin da ya shiga. Wannan sananniyar hanya ce ta kamuwa da felagira, tana cikin littattafanmu, kuma alamu ukun da kika lissafo a layi ɗaya su ne alamu ukun da muke koya wa ɗalibai.

Na taɓa karɓar wata tsohuwa da aka kawo daga wani ƙauye a bayan gari, ita ma tana kan wannan magani. 'Ya'yanta sun shafe makonni ana hayaƙi da rubutu, an sayar da akuya biyu, ta daina gane jikokinta, tana zagin surukarta da ba ta taɓa ɗaga wa murya ba. Ina gaishe ta ta miƙo hannu, hannun ne ya ba ni amsa kafin kowa ya buɗe baki: baƙi ƙirin zuwa wuyan hannu, daga nan fata lafiya lau. Muka fara ba ta nikotinamaid da sauran dangin B. A kwana na uku ta tambayi wa ke kula mata da kajinta. Babban ɗanta ya fita waje ya yi kuka. Fatar ta ɗauki kusan wata guda kafin ta koma daidai. Haka cutar take: hankali da gudawa kan fara daidaita cikin 'yan kwanaki, fata ta biyo baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar miligiram 300 na nikotinamaid a rana, a rarraba, na mako uku zuwa huɗu, kuma magani ne mai araha ƙwarai.

To amma ni ban ga Baba ba, saƙo kawai na karanta, kuma ba a yanke wa majinyaci hukunci daga saƙo. Mai shan maganin tarin fuka da ya fara sambatu yana iya kasancewa hantarsa ce maganin ya taɓa, ko tarin ne ya hau ƙwaƙwalwa ya zama sanƙarau, ko gishirin jininsa ne ya sauka saboda gudawa, ko sukari, ko kuma isoniyazid ɗin ne da kansa ya ruɗa shi, don yana yin haka a wasu mutane ko ba felagira. Kowanne daga cikin waɗannan yana iya kisa, kuma maganinsu daban-daban ne. Shi ya sa ban ce ki ɗauko kwalbar ƙanenki ki ba shi ba. Ƙwayar da kika sayo ma ba irin da ake so ba ce, don ga alama nikotinik asid ce ba nikotinamaid ba, kuma tana iya ƙara wa hantar da ke fama da maganin tari nauyi. Zuwa da kai ya fi saƙo. Ku tafi da katinsa da duk magungunan da yake sha, har na gargajiya. Ki nuna wa likita hannayen da wuyan da kanki, ki faɗi yaushe gudawar ta fara, ki faɗi abin da yake ci a yini ba tare da jin kunya ba, ki kuma tambaya kai tsaye ko felagira ce, sannan ko ana ba shi bitamin B6. Gwajin da ke auna niyasin a fitsari ba kasafai ake yin sa a asibitocinmu ba, da ido da tarihi ake ganewa, sai kuma yadda majinyaci ya amsa magani. Idan idonsa ya yi rawaya, ko yana amai, ko wuyansa ya sanƙare, ko barci ya fara rinjayarsa da rana tsaka, kada a jira gari ya waye: a nufi sashen gaggawa na Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Kada kuma ku yanke masa maganin tarin da kanku, likita ne zai ce a tsaya ko a ci gaba. Su 'yan'uwan Baba ba sai an yi musu da su ba. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, a yi duka biyun.

Mu dawo kan ƙanenki

Abin da ya ji ba alamar waraka ba ce, kuma galibi ba borin jini ba ne irin na wanda magani bai karɓa ba. Nikotinik asid yana sa fata ta saki wani sinadari da ke buɗe ƙananan jijiyoyin jini, jini ya taru a fuska da wuya da ƙirji, a ji zafi da ƙaiƙayi da tsikari. Yakan fara cikin minti 15 zuwa 30 ya lafa cikin awa ɗaya ko makamancin haka. Miligiram 30 zuwa 50 ma ya isa ya jawo shi, shi ya sa hukumomin Amurka suka sa miligiram 35 a matsayin iyakar abin da baligi zai sha a rana ba tare da kulawar likita ba. Ƙanenki ya sha 500, ninki 14 na wannan iyaka, sama da ninki 30 na buƙatarsa. Ni ma da na sha haka abin da zan ji ke nan. Da a ce leɓɓansa sun kumbura ko numfashi ya yi masa wuya, wannan wata magana ce daban ta gaggawa. Masu irin wannan bidiyo sukan ce zafin alama ce ta dafi yana fita. Ba abin da ke fita, jijiyoyi ne suka buɗe.

Maganar da Baturen ya yi kuwa tsohuwa ce, ta girmi iyayenmu da yawa. A farkon shekarun 1950, a lardin Saskacewan na Kanada, wasu likitocin ƙwaƙwalwa biyu, Abram Hoffer da Humphry Osmond, suka fara ba masu ciwon sikizofireniya, wato irin taɓin hankalin da ke zuwa da jin muryoyi da zargi, niyasin giram 3 ko fiye a rana. Tunaninsu ba na wauta ba ne a zamaninsu. Sun ga niyasin ya fitar da masu felagira daga gidan mahaukata, kuma a lokacin babu wani maganin kirki. Sun ba da rahoton nasara. Shahararren masanin kimiyya Linus Pauling ya mara wa ra'ayin baya a 1968, abin ya samu karɓuwa. Amma da wasu masu bincike suka maimaita gwajin cikin tsari, ana ba wasu niyasin wasu kuma ƙwayar da ba komai a cikinta, ba a ga amfanin ba. A 1973 kwamitin Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ya duba hujjojin ya ce ba su tsaya ba. Shekara 50 bayan haka ba a samu abin da ya sauya wannan matsayi ba. Ra'ayin bai mutu ba ne kawai saboda yana da daɗin ji, ga shi kuma akwai masu kwalaben sayarwa.

Inda aka yi tuntuɓe shi ne nan: don rashin abu yana kawo ruɗewa, ba ya nufin duk ruɗewa rashinsa ne, ba ya kuma nufin ƙara shi zai ƙara hankali. Motar da mai ya ƙare mata, mai ne maganinta. Wadda injinta ya samu matsala kuwa ko ka cika tanki har ya zube ba za ta tashi ba. Haka batun ciwon damuwa yake. Gaskiya ne tiriftofan ɗin da ake haɗa niyasin da shi, da shi ake haɗa sinadarin serotonin mai alaƙa da walwala, gaskiya ne kuma mai felagira yakan shiga ƙunci tun kafin fatarsa ta nuna. Amma ba a tabbatar cewa niyasin yana warkar da damuwa ko fargaba a jikin wanda ba ya da ƙarancinsa ba.

Miligiram 3,000 a rana kusan ninki 200 ne na buƙatar jiki. A wannan mataki ya tashi daga bitamin ya zama magani mai ƙarfi da illolinsa. Yana iya lalata hanta, musamman irin wanda aka yi shi ya riƙa narkewa a hankali. Yana ɗaga sukarin jini. Yana tayar da gyambon ciki. Yana ƙara sinadarin da ke kawo ciwon gaɓɓai na gawut. Yana saukar da hawan jini har mutum ya ga jiri ya faɗi. Yanzu ki ɗora wannan a kan ƙanenki. Ban san wane magani yake sha ba, amma yawancin waɗanda ke sa barci da ƙiba su ma suna tura mutum wajen ciwon suga, wasunsu suna saukar da jini in an miƙe tsaye, wasu kuma hanta ce ke sarrafa su. Kin ga an haɗa kaya biyu a kan jaki ɗaya.

Ko a fannin zuciya, inda niyasin ya yi suna na gaskiya, tauraronsa ya dushe. A 1955 aka gano yana rage kitsen jini, kuma Hoffer ɗin nan yana cikin waɗanda suka gano. An shafe shekaru ana rubuta shi. Sai manyan gwaje-gwaje biyu, ɗaya a 2011, ɗaya a 2014 mai mutum sama da 25,000, suka nuna cewa ƙara shi a kan magungunan kitsen jini na zamani yana gyara lambobin takardar gwaji amma ba ya rage kamuwa da ciwon bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, illoli kuwa sun ƙaru, har da ciwon suga da zubar jini. Ni kaina na daɗe ban rubuta wa kowa shi don kitsen jini ba. Wanda mata ke shafawa a fuska, tunda na san za a tambaya, nikotinamaid ne, ba ya kawo wannan zafin, yana ɗan rage tabo da maiƙon fuska, kuma ba man bilicin ba ne, in dai ba a cakuɗa shi da wani abu ba.

Haɗarin da ya fi duk waɗannan shi ne barin maganin asibiti. Mafi yawan masu irin ciwon ƙanenki da suka daina shan magani, ciwon yana dawo musu cikin shekara ɗaya zuwa biyu, kuma ba a ranar da aka daina yake dawowa ba. Makonnin farko mutum yakan ji wasai, barci ya ragu, jiki ya yi sauƙi, gida a yi ta murna ana cewa sabon magani ya karɓe shi. Sai bayan wata biyu ko uku muryoyin su dawo, wani lokaci fiye da da, kuma kowace dawowa tana iya sa a sha wuya kafin a koma inda ake. Na ga wannan ya faru da bitamin, na ga ya faru da maganin Islamik kemis, na ga ya faru da aure, wai in ya yi aure zai warke.

Koken ƙanenki kuwa gaskiya ne, kada a yi masa faɗa a kai. Saurayi ɗan shekara 27 da ke barci har hantsi, kayansa sun daina shigarsa, abokansa suna kasuwa da wurin aiki, dole ya gaji. Wannan magana ce da za a kai wa likitansa ƙarara, a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau yake karɓa ko a Malam Aminu Kano ko wani wuri. Ana iya rage yawan maganin a hankali, ana iya mayar da shan sa gaba ɗaya zuwa dare, ana iya canza shi da wanda bai kai shi sa ƙiba ba, akwai kuma allurar da ake yi sau ɗaya a wata ga wanda ya gaji da haɗiyar ƙwaya kullum. A nemi a auna masa sukari da kitsen jini da nauyi, a kuma gaya wa likitan cewa ya sha niyasin sau ɗaya. Idan kina son ki ƙara masa wani abu don hankalinki ya kwanta, ƙwayar B-complex ta yau da kullum, wadda nikotinamaid ɗin cikinta bai wuce miligiram 15 zuwa 20 ba, ba za ta cutar da shi ba, amma ki duba bayan kwalin, don akwai masu ɗauke da 50 ko 100.

Kuɗin kwalba ta gaba kuwa gara su tafi cefane, kuma kwanon Baba ya fi buƙata. Tunda bakinsa da cikinsa ba lafiya, a fara da mai laushi, kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini: kunun gyaɗa mai kauri, alala, faten wake da ya dahu luguf, dafaffen ƙwai, kindirmo mai tsafta in cikinsa ya karɓa, romon kaza, hanta ko sau ɗaya a mako. Niyasin ba ya lalacewa da zafin wuta amma yana narkewa a ruwa, don haka romon da aka dafa nama ko kifi a ciki kada a zubar, a ba shi ya sha. A ba shi ruwan gishiri da sukari saboda gudawar tun daga yau. Kafin fatar ta warke a rage masa zaman rana, ya sa riga mai dogon hannu, in zai fita alwala ko masallaci a yafa masa rawani ko ƙyalle a wuya.